Dalma da Ƙarancin Jini: Abin da Ya Haɗa Yaran Guangdong da na Roma da na Zamfara

Dalma ƙarfe ce mai nauyi da laushi wadda ke narkewa a wuta marar ƙarfi, kuma wannan sauƙin sarrafawa ne ya sa ɗan Adam ya cusa ta cikin batiri da fenti da bututun ruwa da man fetur da kwalli, alhali jikinsa ba shi da wani amfani da zai yi da ita, komai ƙanƙantarta. Ana auna yawanta a jini da maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a cikin kowace desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, kuma adadin da likitoci ke ɗauka a matsayin abin damuwa ya yi ta sauka yayin da ilimi ke ƙaruwa. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta tsayar da shi a kan 10 a 1991, ta mai da shi 5 a 2012, ta sake rage shi zuwa 3.5 a 2021, yayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mizani da aka sani wanda dalma ba ta cutarwa a ƙasansa. A 2020 asusun UNICEF da ƙungiyar Pure Earth sun ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, wato yara kusan miliyan 800, na ɗauke da maikirogiram 5 ko fiye, kuma mafi yawansu ba za su taɓa suma ko shiɗewa ba, sai dai a wayi gari kaifin basirarsu ya dushe, hankalinsu ba ya tsayawa a aji, malami ya kira su daƙiƙai ba tare da kowa ya san dalili ba.

Ba kowane yaro dalma ke kamawa daidai da ɗan'uwansa ba, ko da a tsakar gida ɗaya suke rarrafe, kuma babban abin da ke bambanta su shi ne sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan asibiti ke kira ayon, wato sinadarin da jiki ke gina jan launin jini da shi domin ɗaukar iska zuwa gaɓoɓi. A farkon ƙaramin hanji akwai wata ƙofa da masana ke kira DMT1, wadda aikinta shigar da sinadarin ƙarfe daga abinci zuwa jini, sai dai ƙofar ba ta iya tantance baƙo, domin dalma ma ta nan take bi. Idan jiki ya ji ajiyarsa ta ƙarfe ta yi ƙasa, sai ya ƙara yawan waɗannan ƙofofi don ya kamo ɗan abin da ke cikin abinci, ta haka yaron da jininsa ya yi ƙaranci yake zuƙe dalma fiye da wanda ya ƙoshi, bayan kuwa yaro dama yana zuƙe ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke zuƙa daga dalmar da ya haɗiya. Ita kuma dalma, da zarar ta shiga, sai ta toshe biyu daga cikin sinadaran da ke harhaɗa jan launin jini, ta ƙara ƙarancin jinin da ya buɗe mata ƙofa tun farko. Akwai kuma kwaɗayin cin ƙasa da ɓawon bango da ke zuwa wa yara da masu juna biyu idan ƙarfe ya yi ƙaranci a jikinsu, abin da iyaye mata a ƙasar Hausa suka sani sarai, wanda ke kai hannun yaro daidai inda ƙurar dalma take kwance.

Misali na farko na yadda dalma ke isa ga yara yana lardin Guangdong a kudancin ƙasar Sin. Birnin Guangzhou, hedikwatar lardin, sananne ne ga 'yan kasuwar Kano da Maraɗi da Zinder, waɗanda ke sauka a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli, su yi sallar Juma'a a masallatan birnin, su cika kwantena da atamfa da takalma da wayoyi da kayan sola. Birnin yana cikin na farko a ƙasar da suka daina sayar da fetur mai dalma a 1997, shekara uku kafin a hana shi a faɗin ƙasar a 2000, kuma hakan ya rage dalmar da yaran birane ke shaƙa. Amma a daidai lokacin da iskar manyan tituna ke tsabtata, wata sana'a na bunƙasa a garin Guiyu da ke ƙarƙashin birnin Shantou, kimanin kilomita 400 gabas da Guangzhou, inda ake jibge matattun kwamfutoci da talabijin da aka kwaso daga Amurka da Turai da Japan. A cikin dubban ƙananan shaguna, waɗanda da yawansu a ƙasan ɗakin kwanan iyali suke, ana gasa allunan lantarki a kan garwashi har dalmar liƙi ta narke a ciro ƙananan sassa, ana jiƙa wasu a ruwan asid don tace zinari, ana farfasa gilashin tsohuwar talabijin wanda shi kansa cike yake da dalma, sauran tarkacen kuma a ƙone shi a bakin kogin Lianjiang, har ta kai ruwan sha sai an sayo shi a tanka daga wani gari.

Ƙungiyar Basel Action Network ce ta fito da labarin Guiyu ga duniya a 2002, amma wadda ta auna jinin yaran ita ce Farfesa Huo Xia da abokan aikinta na Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Shantou, kafin ita Farfesar ta koma Jami'ar Jinan a Guangzhou. A binciken da suka wallafa a 2007 sun gwada yara 165 'yan ƙasa da shekara shida a Guiyu, suka kwatanta su da yara 61 na garin Chendian da ke maƙwabtaka, inda sana'ar ɗinki ta fi yawa, sai suka tarar kashi 81.8 cikin ɗari na yaran Guiyu sun haura maikirogiram 10, da matsakaicin 15.3, yayin da a Chendian kashi 37.7 ne suka haura. Abin lura a nan shi ne su waye ke gasa allunan, domin galibinsu baƙi ne da suka baro ƙauyukan lardunan cikin ƙasa irin su Hunan don neman na tuwo, kuma a tsarin rajistar zama na ƙasar Sin, wanda ake kira hukou, haƙƙin mutum na makaranta da asibiti mai rahusa yana rataye ne da garin da aka yi masa rajista, don haka ɗan baƙo ne ya fi kowa kusa da hayaƙi, shi ne kuma ya fi kowa nisa da likita. Hukumomi sun tattara shagunan cikin wani rukunin masana'antu a ƙarshen 2015, gwamnatin tsakiya ta hana shigo da nau'o'in shara da dama daga 2018, ta rufe ƙofar gaba ɗaya a 2021, kuma gwaje-gwajen baya sun nuna dalmar jinin yaran garin ta ragu.

Guiyu ba ita kaɗai ba ce a lardin. A Agustan 2007 kamfanin Mattel na Amurka ya janye kayan wasan yara kusan miliyan ɗaya saboda fenti mai dalma, waɗanda aka ƙera a wata masana'anta a Foshan, birnin da ya haɗa iyaka da Guangzhou, a 2011 kuma aka gano dalma a jinin yara da ke zaune kusa da wata masana'antar batiri a gundumar Zijin ta birnin Heyuan, a shekarar da gwamnati ta dakatar da mafi yawan masana'antun batirin dalma na ƙasar don bincike. A 2011 ɗin ce kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan lardunan Henan da Hunan da Shaanxi da Yunnan, inda iyaye suka shaida cewa an hana su gwaji ko an ɓoye musu sakamako, aka ce su koma gida su riƙa ba yara madara da ƙwai da tufa da tafarnuwa. Shawarar tana da ƙwayar gaskiya a cikinta, tunda abinci mai ƙarfe da alli yana rage abin da hanji ke zuƙa, kuma wannan ƙwayar gaskiyar ce ta sa shawarar ta zama mai haɗari, domin tana ɗauke nauyi daga kan mai masana'anta da jami'in da ya ba shi izini ta ɗora shi a kan tukunyar uwa. Ko a 2025, lokacin da aka samu yara sama da 200 da dalma a jini a wata makarantar renon yara a Tianshui ta lardin Gansu, bayan an zuba fenti a abincinsu don ya yi kyau, binciken gwamnatin lardin ya tabbatar cewa an sauya sakamakon gwajin wasu yaran.

Irin wannan ɗabi'a ta fi fitowa fili a labarin al'ummar Roma, waɗanda ba su da alaƙa da birnin Rum ko ƙasar Romaniya a asali, domin kakanninsu daga arewacin Indiya suka taso kimanin shekara dubu da ta wuce, kuma a yau ana ƙiyasta su miliyan 10 zuwa 12 a Turai, inda suka fi kowace ƙabila marar rinjaye yawa, suka kuma fi kowa shan wariya. Bayan yaƙin Kosobo a 1999 an ƙone unguwarsu a kudancin birnin Mitrovica, wadda ta ɗauki mutane kimanin 8,000, sai hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsugunar da ɗaruruwa daga cikinsu a sansanonin Cesmin Lug da Zitkovac da Kablare, a gindin tuddan dattin ma'adinai na masana'antar narka dalma ta Trepca. An ce zaman na 'yan makonni ne, amma ya kai shekaru goma da ɗoriya. Tun a 2000 aka san ƙasar wurin gurɓatacciya ce, har ana gwada jinin sojojin kiyaye zaman lafiya, kuma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada yaran a 2004 sai aka samu waɗanda jininsu ya wuce 65, iyakar abin da na'urar gwajin ke iya karantawa. A 2006 an mai da wasunsu Osterode, tsohon barikin soja da ke 'yan taku kaɗan daga Cesmin Lug, aka raba musu madara da 'ya'yan itace na wani lokaci sannan aka daina, wasu jami'ai kuma suka riƙa ɗora laifin a kan mazaunan, wai suna narka batiri a cikin sansani. Ba a rufe Cesmin Lug ba sai 2010, Osterode kuma sai 2012. A 2016 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na ita Majalisar da kanta ya duba ƙarar mutum 138, ya ce an tauye musu haƙƙi, ya nemi a ba su haƙuri a biya su diyya, amma abin da ya biyo baya a 2017 shi ne asusun taimako na sa-kai wanda kusan babu ƙasar da ta zuba masa kuɗi.

Mai karatu a arewacin Nijeriya ba ya bukatar a kai shi Turai kafin ya gane wannan, domin annobar gubar dalma mafi muni da aka rubuta a wannan zamani a Zamfara ta auku. A Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yaran da ke shiɗewa su mutu, maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Farashin zinari ya tashi bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, manoma suka koma haƙa, aka kuma ci karo da jijiyar dutse mai dalma da yawa, wanda ake kawowa cikin gida a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gidan da jarirai ke rarrafe. Binciken da aka yi tare da masanan Amurka a ƙauyuka biyu ya nuna cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara ɗaya, wato ɗaya cikin huɗu, kuma kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka gwada sun kai ko sun haura 45, mizanin da ake fara ba da maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Yara aƙalla 400 suka rasu. An kankare ƙasar gidaje a Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Tungar Daji da wasu ƙauyuka aka zuba sabuwa, tare da kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗi, kuma a tsawon wannan jira likitoci ba su iya fara magani ba, saboda ba shi da amfani a wanke jinin yaro a mai da shi kan ƙasar da ta sa masa guba. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka mutu.

Abin da ba a cika haɗawa da wannan labari ba shi ne halin da jinin yaran yankin yake ciki tun kafin dutsen ya shigo gida. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan wata 6 zuwa 59 na da ƙarancin jini, kuma Zamfara ce kan gaba da sama da kashi 80. Dalilan sananne ne ga duk wanda ya san cimar karkara, domin gero da dawa da masara suna ɗauke da wani sinadari mai suna fayitet da ke riƙe ƙarfe ya hana hanji ɗauka, shayin da ake haɗawa da abinci yana yin irin wannan aiki, nama da hanta da kifi, waɗanda ƙarfensu ya fi saurin shiga jiki, ba su cika isa kwanon ƙaramin yaro ba, ga tsutsar ciki da tsargiya na zubar da jini a hankali. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, yana rage wannan sinadari, haka ma haɗa abinci da lemo ko gwaba ko garin 'ya'yan kuka yana ƙara abin da jiki ke samu, kuma jinkirta yanke cibiya na minti ɗaya zuwa uku bayan haihuwa yana ba jariri ajiyar ƙarfe ta watanni ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Sai dai ba kowane ƙarancin jini ne ƙarancin ƙarfe ba, kuma a nan Guangdong da ƙasar Hausa suka sake yin kama. A kudancin Sin cutar gado ta talasimiya, wadda ke hana jiki harhaɗa jan launin jini yadda ya kamata, ta yaɗu har ana gwada masu shirin aure da masu juna biyu, kuma wanda ke da mai tsananinta ƙarfe yawa yake yi masa, ƙarin da za a ba shi cutar da shi zai yi. A ƙasar Hausa amosanin jini da zazzaɓin cizon sauro ne ke riƙe da wannan matsayi, kuma wani babban gwaji da aka yi a tsibirin Pemba na Tanzaniya, wanda aka wallafa a 2006, ya nuna cewa raba wa yara ƙwayoyin ƙarfe barkatai a inda sauro ya yi katutu na iya ƙara yawan masu kwanciya asibiti, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya cewa a haɗa shi da rigakafi da maganin zazzaɓin. Gwaje-gwajen da suka nemi sanin ko ƙarin ƙarfe yana saukar da dalmar jini ma ba su yi baki ɗaya ba, domin a Bangalor ta Indiya shinkafa mai ƙarin ƙarfe ta rage dalma a jinin 'yan makaranta masu ƙarancinsa, amma a Torreon ta Meziko, kusa da wata babbar masana'antar narka dalma, ƙarin bai kawo sauyin kirki ba. Ƙasar Sin ta fara ƙara ƙarfe a ruwan miyar waken suya tun farkon shekarun 2000, daga 2012 kuma ta riƙa raba wa jariran gundumomin talakawa wani garin waken suya mai sinadarai da ake kira Ying Yang Bao, kuma ƙarancin jini ya ragu a wuraren da aka raba shi, amma abin da ya sauke dalmar jinin yaran Guiyu shi ne fitar da murhun gasa alluna daga cikin gidaje.

Hanyar da ta haɗa Guangzhou da kasuwannin Kantin Kwari da Sabon Gari na Kano hanya ce ta arziki wadda ta rufa wa gidaje da yawa asiri, kuma zalunci ne a ɗora mata laifin duk wata dalma da ke jinin yaran Hausawa, tunda wasu hanyoyin na gida ne tsantsa. Kwallin da ake ranɗa wa jariri tun kafin suna, da niyyar kare idonsa, sau da yawa dakakken dutsen dalma ne, kuma a 2011 likitoci a Boston sun gano dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, suka bi sawu har kan tozalin da ake sa masa, wanda gwaji ya nuna kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Tukwanen da maƙera ke zubawa daga tarkacen injin mota da sauran gwangwan, waɗanda jama'a ma tukunyar dalma suke kiransu ko da yake sanholo ne akasarinsu, bincike a Kamaru da wasu ƙasashe ya nuna suna sakin dalma cikin abinci, musamman mai tsami. Duk da haka ɗan kasuwar da ke tsaye a gaban mai masana'anta a Foshan ko Shantou yana da ikon da uwar da ke sayen abin wasa a bakin titi ba ta da shi, domin masana'anta ɗaya kan yi kaya daraja-daraja gwargwadon kuɗin mai saye da tsananin binciken ƙasar da za a kai su, kuma neman takardar gwajin dalma a kan fenti da kayan wasa da kwanukan tangaran abu ne da masu saye daga Turai da Amurka suka mayar al'ada tun bayan 2007.

Babbar barazanar da ke tafe ita ce batiri, wanda ke cinye kimanin kashi 85 cikin ɗari na dalmar da duniya ke amfani da ita. Rashin tsayayyar wutar lantarki ya sa gidaje da shaguna da masallatai a Kano da Katsina da Sakkwato sun koma ga sola, kuma mai rahusa daga cikin batiran da ke ajiye wutar na dalma ne, wanda ke mutuwa cikin 'yan shekaru ya faɗa hannun 'yan gwangwan, inda ake sare shi da adda, a tsiyaye ruwan a ƙasa, a tara farantan ciki a buhu, wani lokaci a cikin unguwa, sannan a tura su masana'antun narkawa irin na Ogijo a jihar Ogun, garin da gwaje-gwaje suka nuna dalma a jinin mazaunansa. Uban da ya yi wannan aiki yana komawa gida da ƙurar a rigarsa da gashinsa da takalminsa, ya ɗauki ɗansa kafin ya yi wanka. A Zamfara ƙungiyar MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a 2022, gwamnatin tarayya kuma ta ɗage a Disamban 2024 haramcin haƙar ma'adinai da ta sa a 2019, alhali rashin tsaro ya sa ƙauyuka da yawa sun fi ƙarfin ma'aikacin lafiya ya kai musu ziyara. A mafi yawan ƙananan asibitocin yankin, yaron da aka kawo fari fat, mai yawan kuka da ciwon ciki da rashin cin abinci, ana gwada shi zazzaɓin cizon sauro, a rubuta masa maganin ƙarin jini a sallame shi, ba tare da an tambayi sana'ar mahaifinsa ba, ko abin da ake dakawa a turmin gidansu, ko irin kwallin da ke idonsa.